Kin Fi Matanin Sani, Shi Ya Sa Yake Kayar Da Ke

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar sakandare ce, shekarata bakwai ina koyar da ilimin halittu. Na samu gurbin karatun digiri na biyu a fannin koyar da kimiyya a wata jami'a ta ƙasar waje, da sharaɗin in kawo maki 6.5 a kowane ɓangare na jarrabawar Turanci ta IELTS. Sau biyu ke nan ina zama. Sauraro da magana da rubutu duk na haye, amma a ɓangaren karatu zaman farko na samu 5.5, na biyu 6. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, yawancin matanin da nake gwaji da su kan abubuwan da na sani ne: muhawara kan yadda yara ke koyo, amfanin aikin gida, yadda masana kimiyya ke saɓa wa juna. Ina karantawa ina gyaɗa kai, in gama ina murna, sakamako ya zo ya kunyata ni. Nahawu kuwa littafi guda na haddace, ko daga barci aka tashe ni zan kawo ƙa'idojin.

Yayana ne ya biya kuɗin zaman duka biyun, alhali yana da iyalinsa da nauyinsa. Yau mako uku da fitowar sakamako na biyu, na kasa gaya masa. Duk sanda ya tambaya sai in ce bai fito ba. Ƙawata da muka fara shiri tare ta ci tun zaman farko. Ita shawararta kullum ɗaya ce: in riƙa yin cikakken gwaji kowace rana, in daina "nazarin banza". Na yi wajen talatin, makina bai motsa ba, yanzu har na fara ƙin ɗaga wayarta. Jami'ar ta ba ni wata uku in kawo sakamako ko gurbin ya wuce ni. Anti, kaina ne ba ya ja? In haƙura ne?

Malama mai damuwa

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Kan da ba ya ja ba ya haye ɓangaren rubutu na wannan jarrabawa, domin a nan ne mutane da yawa ke maƙalewa, ke kuwa kin wuce shi sau biyu. Don haka ajiye wannan zargin gefe. Na san ciwon da kike ji ya fi na faɗuwa kawai. Ke ce mai riƙe da jan biro shekara bakwai, ke ce mai ce wa yara su karanta tambaya da kyau, yau ga shi an juya miki teburin, kuma a kan abin da kike ganin gonarki ce. Wannan yana taɓa mutunci, ba laifi ba ne idan ya yi miki zafi. Amma duba lissafin da idon basira. Ɓangaren karatu matani uku ne, tambaya 40, minti 60. Ma'aunin juya amsoshi zuwa maki yana ɗan motsawa daga zama zuwa zama, sai dai a galibi amsa 23 daidai ita ke ba da 6, kusan 27 ke ba da 6.5, 30 kuma 7. Tsakaninki da gurbin nan tambaya huɗu ce, ƙila ma ba ta kai ba. Ba a haƙura saboda tambaya huɗu.

Inda waɗannan huɗun suke zubewa, ina kyautata zaton ke da kanki kin nuna mini: "ina karantawa ina gyaɗa kai." Wanda bai san komai kan aikin gida ko girman aji ba dole ya manne wa takarda, domin ba shi da wata madogara. Ke kuwa da kin ga kan magana, sai ajinki ya zo miki a ido, ra'ayinki ya riga idonki isa ƙarshen jimla. Idan tambaya ta zo, malamar da ta shekara bakwai a gaban allo ce ke amsawa, alhali mai jarrabawa ba ita ya tambaya ba. Abin da yake son sani ɗan ƙarami ne kuma mai taurin kai: wa ya faɗi me a cikin wannan rubutun, kuma da wane irin ƙarfi ya faɗe shi? Shi ya sa masu tsara jarrabawa ke son matanin muhawara. A sakin layi ɗaya za ki iya samun murya uku: tsohon ra'ayi, masu sukarsa, da marubucin da ke tsaye a gefe yana auna su. Mai gaggawa sai ya haɗa su duka ya zuba a baki ɗaya.

Abin daɗin shi ne, kin iya wannan aikin tun kina yarinya, a harshenki. Idan wata ta ce miki "ya tafi", wata kuma ta ce "wai ya tafi", ba kya ɗaukar maganganun biyu da nauyi ɗaya. Ta biyun ta cire hannunta, ta ce ji ta yi, kada a kama ta. Haka kika san tazarar da ke tsakanin "zai zo" da "ƙila ya zo", da tsakanin "ya warke" da "ya ɗan samu sauƙi". Turancin masana cike yake da "wai", sai dai ba ya da kalma ɗaya tilo da ke ɗauke da ita, ya rarraba ta cikin aikatau da 'yan ƙananan kalmomi. Idan marubuci ya ce masu bincike "claim" ko "allege", ya ja baya ke nan, ya saka musu wai. Idan ya ce "argue" ko "suggest", ya kawo maganarsu bai ɗauki ɓangare ba tukuna. Idan kuwa ya ce "show" ko "demonstrate", ya sa hannu, ya yarda. Duk inda kika ga "so-called", ko "it was long assumed that", to ki shirya, tsohon ra'ayi ne aka tsayar don a kayar da shi a jimla ta gaba. Daga yau, duk matanin da kika ɗauka, ki riƙe fensir ki nemo wai ɗinsa kafin ki nemi komai.

Bari mu gwada da wata muhawara da masu irin waɗannan rubuce-rubuce ke so. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, Walter Mischel ya yi gwaji da ƙananan yara a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford a Amurka. A ajiye wa yaro alewa ɗaya, a ce masa in ya jira har babba ya dawo zai samu biyu. Da aka bibiyi wasu daga cikin yaran bayan shekaru, sai aka ga waɗanda suka fi jira sun fi samun maki a jarrabawar shiga jami'a. Labarin ya zaga duniya. A 2018 Tyler Watts da abokan aikinsa suka sake duba batun da yara sama da 900 daga gidaje mabambanta, suka tarar alaƙar ta ragu ƙwarai idan aka yi la'akari da halin gidan da yaro ya fito da ilimin iyayensa. To ɗauka wannan shi ne matanin da ke gabanki, ba ƙari ba ragi, sai aka kawo miki maganganu uku a ce ki yi musu hukunci. Ta farko: binciken 2018 ya nuna babu wata alaƙa tsakanin jira da nasara. Wannan ƙarya ce, domin matanin cewa ya yi ta ragu, bai ce ta ɓace ba. Ta biyu: halin gida yana da hannu a sakamakon. Gaskiya ce, an faɗa. Ta uku: ana iya koya wa yaro haƙuri. Nan ne za ki faɗa rami, ƙanwata, domin kin koya wa yara haƙuri da hannunki, kin ga ya yi aiki, zuciyarki tana ihun gaskiya ne. Amma duba takardar. Ina aka faɗa? Ba a faɗa ba. Amsar ita ce ba a ambata ba.

Wannan zaɓi na uku, wato "Not Given", shi ne ya fi wahalar da masu ilimi, don sun saba cike gurbi da abin da ke kansu. Ki kafa wa kanki doka mai tsauri: ba za ki zaɓi gaskiya ko ƙarya ba sai kin iya ɗora yatsa a kan jimlar da ta ba ki hujja. In yatsa ya yi ta yawo bai sami masauki ba, ko kin ji kanki kina cewa "ai dole haka yake nufi", to ba a ambata ba ne. Irin waɗannan tambayoyi kuma suna bin jerin matanin, saboda haka idan kin sami wurin ta biyar da wurin ta bakwai, amsar ta shida tana tsakaninsu ko babu ita sam. Kada ki koma farko kina lalube.

Yanzu ga nahawun da kika haddace. Ba asara kika yi ba, amma kin ajiye shi a inda ba ya aiki. IELTS ba ta da ɓangaren nahawu na kansa. A rubutu da magana ana auna shi a matsayin ɗaya daga ma'aunai huɗu, a karatu kuwa ɓoye yake cikin kowace tambaya. Ba wanda zai ce ki kawo ƙa'ida, za a dai ga ko kin lura da ita sanda ta sauya ma'ana. Ɗauki "few" da "a few". Harafi ɗaya ya raba su, amma "few studies support this" na nufin kusan babu binciken da ya goyi baya, marubucin yana rage wa batun daraja, yayin da "a few studies support this" ke nufin akwai 'yan kaɗan, kuma yana ba su muhimmanci. Ɗauki "is associated with" da "causes": na farko tafiya tare ce kawai, na biyu haddasawa, kuma ke malamar kimiyya kin fi kowa sanin cewa ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ya haifi ɗaya. Mai tsara tambaya zai ɗauki "most" ya mayar da shi "all", ya ɗauki "may" ya mayar da shi "will", ya bar sauran kalmomin yadda suke don idonki ya ga sun yi kama. Sai kuma jimlar da ta fara da "although" ko "while". Rabin farko kyauta ce marubuci ya ba abokin hamayya, kamar yadda muke cewa "duk da cewa" kafin mu faɗi abin da ke ranmu. Ra'ayinsa na gaske yana bayan waƙafi. Mai sauri yakan karanta rabin farko ya ɗauka shi ne matsayar marubucin.

Akwai wani wuri da harshenmu da nasu suka raba hanya, kuma ya kamata ki sa masa ido. Mu "sun yarda" muke cewa, ko yardar ta ƙare tun tuni ko tana nan har gobe. Sauran maganar ce ke fayyacewa. Turanci yana fayyacewa a jikin aikatau. Lokacin da Alfred Wegener ya kawo ra'ayin cewa nahiyoyi suna motsi a 1912, yawancin masana ƙasa sun yi watsi da shi, sai a shekarun 1960 hujjoji daga ƙarƙashin teku suka sa aka karɓa. Matani kan wannan zai ce masana "believed" ko "used to believe" cewa nahiyoyi a tsaye suke: an wuce wurin. Da zai ce "have believed since the 1960s", to yardar da ta faro a lokacin ce kuma tana raye. Haka jimlar da ta fara da "Had the evidence been stronger", ba tambaya ba ce kuma ba labarin abin da ya faru ba ne. Ita ce "da hujjar ta fi haka ƙarfi, da..." tamu, wato hujjar ba ta yi ƙarfin ba. Kin san sunayen waɗannan duka a littafi. Abin da ya rage shi ne ki riƙa tsayawa a kansu cikin matani kina tambaya, da an sauya wannan, me zai sauya a ma'ana?

Ƙawarki fa? Kada ki yi mata rashin adalci, rabin maganarta daidai ne. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka gwada ɗalibai da gajerun matani: wasu suka yi ta maimaita karatu, wasu suka karanta sau ɗaya sannan aka yi ta sa su tuno abin da suka karanta. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba, amma bayan mako guda masu gwada kansu sun tuna kusan kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kusan 40. Gwaji yana koyarwa, wannan ba gardama. Inda shawararta ta gaza miki shi ne, ita ba ta da ciwonki. Ta shiga da ɗabi'ar manne wa takarda, gwaji ya ƙara mata sauri kawai. Ke kuwa gwaji talatin ba tare da bin diddigin kuskure ba, kuskuren kika yi ta horarwa har ya ƙware. Kamar mai hawa sikeli kowace safiya ne yana jiran nauyinsa ya sauya don ya hau. Ita ba ta san haka ba, abin da ya yi mata aiki take miƙo miki da zuciya ɗaya. Ina kuma zargin, ki gafarce ni, ba shawarar kaɗai ke hana ki ɗaga wayar ba. Muryar wadda ta haye inda kika tsaya tana da nauyi a kunne. Wannan ɗabi'ar ɗan Adam ce, amma kada ki bari ta ci miki ƙawa. Ki kira ta, ki ce kin gano ciwonki daban ne da nata, ki roƙe ta wani taimako takamaimai: sau ɗaya a mako ku ɗauki matani ɗaya, ke ki kare kowace amsa da jimla daga takarda, ita kuma aikinta ta ce "nuna mini" duk sanda kika fara da "ai a ajina". Za ta ji daɗin an ba ta aiki, ke kuma kin sami alƙali.

Ga yadda zan so makonninki su kasance. Mako biyu na farko ki ajiye agogo gaba ɗaya. Ki koma kan gwaje-gwajen nan talatin da kika riga kika yi, taskar da kike zaune a kanta ke nan. Ki sami littafi, kowace tambaya da kika faɗi ki rubuta abu uku: amsarki, jimlar da ke ɗauke da amsar gaskiya, da dalilin da ya sa kika kauce. Dalilin ki faɗe shi ƙarara, ba "ban kula ba" ba. Ki ce "na amsa daga kaina", ko "na ba marubuci maganar masu sukarsa", ko "ban ga 'rarely' ba", ko "ban san kalmar ba", ko "lokaci ya ƙure". Kafin ki kai kuskure hamsin za ki ga biyu ko uku ne ke ta dawowa da sabbin kaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya ɗaga kai ya duba. Daga mako na uku, matani ɗaya a rana cikin minti 20, sannan minti 40 na bitarsa. Bitar ta fi gwajin tsawo, haka ake so. Cikakken gwaji na awa guda sau ɗaya a mako ya isa, sau biyu idan ranar ta matso. Ki yi amfani da tsofaffin tambayoyin da maɗaba'ar Jami'ar Cambridge ke bugawa da samfuran da masu jarrabawar suka saka a shafinsu, domin wasu daga cikin na kyauta da ke yawo a intanet amsoshinsu kansu a karkace suke, za su rikita miki ma'aunin da kike ƙoƙarin gyarawa.

Idan littafin kurakuran ya nuna kalmomi ma suna cikin matsalar, kada ki ɗauki ƙamus daga farko. Averil Coxhead ta fitar da jerin iyalan kalmomi 570 a shekarar 2000, waɗanda ke yawan fitowa a rubutun jami'a ko wane fanni ne, kuma su kaɗai suna ɗaukar kusan kashi goma cikin ɗari na irin wannan rubutu. Ki bi jerin, ki tsallake waɗanda kika sani, sauran ki koye su cikin jimla, kaɗan kaɗan kullum, kina komawa kan na baya bayan kwana biyu, bayan mako. Ki fi ba da ƙarfi ga kalmomi masu ma'ana iri ɗaya, domin tambaya ba ta cika maimaita kalmar matani ba, 'yar'uwarta take kawowa. Sannan wata dabara da za ta yi miki daɗi a matsayinki na malama: ki nemi rubutu mai kyau da ke sukar abin da kika yarda da shi. Misali, malamai da yawa sun yi imani kowane yaro yana da salon koyonsa, wannan ta ido, wancan ta kunne, kuma dole a koyar da shi ta nan. A 2008 Harold Pashler da abokansa suka duba binciken da aka yi kan haka, suka ce ba su sami isasshiyar hujjar da ke nuna daidaita koyarwa da salon yaro yana ƙara sakamako ba. Ki karanta irin wannan, ki taƙaita hujjar marubucin cikin jimla uku ta yadda shi kansa zai ce haka na ce, ba tare da kin saka ko "amma" ɗaya naki ba. Zai yi miki wuya ranar farko. Wannan wuyar ita ce tsokar da kike buƙata, kuma ita za ki yi ta amfani da ita a digirin da kike nema.

A ɗakin jarrabawa, abu kaɗan zan ce. Ba a cire maki don kuskure, saboda haka kada ki bar gurbi ko ɗaya. Tambayar da ta ci miki fiye da minti ɗaya da rabi ki yi mata alama ki wuce. A ɓangaren karatu ba a ƙara lokacin kwafe amsa, kuma kuskuren harafi ko wuce adadin kalmomin da aka ƙayyade yana kashe amsar da kika sani. Matani na uku yakan fi nauyi, ki ɗan tara masa lokaci daga na farko.

Na bar maganar Yaya zuwa yanzu, amma ita ce ba ta jira. Na fahimci abin da ya sa kika ce bai fito ba. Kin ga mutum ya cire daga bakin iyalinsa ya ba ki, kin ji kamar za ki mayar masa da hannu wofi, sai kika sayi kwana ɗaya da 'yar ƙarya, kwana ɗaya ya zama mako uku. Sai dai ki tsaya a takalminsa. Mutumin da ya biya sau biyu ya san jarrabawa ana ci ana faɗuwa, kuma mai yiwuwa ya san sakamako ba ya daɗewa haka. Ƙila ya riga ya gane, yana yi miki kara ne, yana jiran ki zo da kanki. Faɗuwa zai iya haɗiye ta cikin dare ɗaya. Abin da zai tsaya masa a wuya shi ne ya ji daga wani bakin, ko ya ga ƙanwarsa ta ɗauke shi wanda ake ɓoye wa abu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki same shi ido da ido in zai yiwu, ki fara da laifin kafin labarin: "Yaya, sakamako ya fito tun mako uku, kunya ce ta hana ni faɗa maka, na yi kuskure, ka yafe mini." Ki tsaya nan, ki bar shi ya yi magana, ko da faɗa ne. Bayan haka ki nuna masa takardar: uku sun wuce, ɗaya ya tashi daga 5.5 zuwa 6, saura rabin maki, ga abin da na gano, ga shirina. Kada ki roƙi kuɗi a wannan zaman. Idan da hali, ki ce wannan karon za ki ɗauki nauyin daga albashinki, ko rabi. In ya ce zai taimaka, alheri ne. In ya yi shiru, haƙƙinsa ne, kuma ba ya nufin ya daina ƙaunarki.

Akwai dalili na biyu da ya sa shirun nan yake cin ki. Masu IELTS sun buɗe damar sake ɓangare ɗaya kacal ga wanda ya yi jarrabawar a kwamfuta, a cibiyoyin da ke ba da wannan damar, amma sai cikin kwana 60 daga ranar da ya yi cikakkiyar jarrabawar. Idan zamanki na biyu a kwamfuta ne, agogon ya fara tafiya tun ranar, kuma kusan rabinsa ya tafi kina ɓuya. Ba kowace jami'a ke karɓar wannan sakamakon ba, don haka ki rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ki tambaye su kai tsaye. A wasiƙar ki haɗa da wasu tambayoyin: ko suna da kwas ɗin share fagen Turanci ga wanda ya gaza da rabin maki, domin jami'o'i da dama, musamman a Ingila da Ostireliya, suna da shi, ko suna karɓar wata jarrabawar kamar TOEFL, ko za su iya ɗage miki gurbin zuwa zango na gaba. Ban ba ki shawarar sauya jarrabawa ba, tunda kin riga kin san hanyoyin wannan, kuma ɗabi'ar amsawa daga kai za ta bi ki duk inda kika je. Amma sanin ƙofofin da ke buɗe zai sauke miki rabin fargaba, kuma zai ba ki abin faɗa wa Yaya bayan ban haƙuri.

Idan sake ɓangare ɗaya ya samu, ki ɗauki rana a makon ƙarshe na wa'adin. Idan bai samu ba, ki yi rajistar cikakken zama a mako na takwas daga yau, ta yadda sakamako zai iso da sauran lokaci a hannunki, kuma kada ki yi watsi da sauran ɓangarorin uku, awa biyu a mako ta ishe su su zauna da ɗuminsu. Wasiƙar jami'a ki tura ta yau da dare. Yaya kuma kafin ƙarshen makon nan. In kin tara kurakurai hamsin a littafin, ki rubuto mini ki faɗa mini wane ne ya fi yawa, ina son in ji ko hasashena ya faɗa daidai. Allah ya ba ki sa'a, ƙanwata.